Hanta, Magani da Jikin da ke Fama da Cuta

Kusan duk maganin da mutum ya haɗiya, sai ya ratsa ta hanta kafin ya isa inda aka aike shi. Hantar baligi takan kai nauyin kilo ɗaya da rabi, kuma kimanin kashi 75 cikin 100 na jinin da ke shigarta daga ciki da hanji yake tasowa, ɗauke da abin da aka ci da abin da aka sha, har da ƙwayar maganin da ta narke. Ita ce ke sauya wa magani kama, ta mai da shi abin da jiki zai iya zubarwa ta fitsari ko ta ruwan maɗaciya. A bakin wannan aiki ne wani sa'in take jin ciwo.

Raunin da magani ke yi wa hanta iri biyu ne. Akwai wanda yawa ke jawowa, kuma farasitamol ne fitaccen misalinsa: duk wanda ya zarce ƙa'ida sosai, hantarsa za ta ji jiki, ko shi wane ne. Akwai kuma mai zuwa ba zato, a kan adadin da likita ya rubuta, ya tsallake dubban mutane ya faɗa wa mutum ɗaya. A ƙasar Aisland, inda aka bi diddigin al'ummar ƙasar baki ɗaya a 2010 da 2011, an samu mutum 19 cikin kowane 100,000 a shekara da magani ya taɓa wa hanta, ban da waɗanda farasitamol ya yi wa illa. Maganin da ya fi kowane jawo hakan shi ne wanda aka fi sani da Augmentin, amma ko shi, mutum ɗaya ne cikin kusan 2,300 da suka sha ya gamu da matsala. Abin da ya daɗe yana ci wa masana tuwo a ƙwarya shi ne me ya ware wannan mutum ɗaya daga sauran. Gado na da nasa kaso, haka shekaru, da shan barasa, da gwamutsa magunguna. Sai dai akwai dalilin da ya fi waɗannan saurin sauyawa, yau yana nan gobe babu shi, wato halin da jiki yake ciki a ranar da maganin ya shiga, musamman in yana fama da ƙwayar cuta ko kumburi.

Kumburin da ake nufi a nan bai tsaya ga wanda ido ke gani ba. Martani ne da garkuwar jiki ke mayarwa idan ta ji shigowar cuta ko ta ji rauni a wani wuri. Fararen ƙwayoyin jini su taru, su saki wasu sinadaran isar da saƙo, fitattunsu TNF da IL-6, waɗanda su ne ke kawo zazzaɓi da mutuwar jiki da ɗaukewar sha'awar abinci. Hanta na cikin gaɓoɓin da suka fara jin wannan saƙo. A cikin hanyoyin jininta akwai wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira ƙwayoyin Kupffer, da sunan Bajamushen da ya fara bayyana su a 1876, kuma aikinsu shi ne tace duk wata bakteriya ko ɓurɓushinta da ya sulalo daga hanji.

Da zarar saƙon ya iso, hanta takan karkata ga ƙera sunadaran yaƙi da cuta, ta yi sanyi a wajen sarrafa magani. Sinadaran da ke narka magunguna, dangin da ake kira saitokurom P450, sukan ragu, haka ma ƙofofin da ke tura ragowar magani zuwa ruwan maɗaciya. Sakamakon shi ne maganin ya daɗe a jini fiye da yadda aka ƙiyasta. An ga haka ƙarara a birnin Siyatul na Amurka a 1980, lokacin da aka yi annobar mura mai tsanani. Yara 11 masu asma, waɗanda suka daɗe suna shan maganin tiyofilin lafiya lau, suka fara amai da ciwon kai, wasu har da jijjiga, alhali ba a ƙara musu ko ƙwaya ɗaya ba. Da aka auna jininsu, sai aka tarar maganin ya taru. Ba hantarsu ce ta lalace ba, amma lamarin ya nuna cewa adadin da ya dace da jiki mai lafiya yana iya yi wa jiki mai zazzaɓi yawa. An sake ganin irin wannan da wasu magungunan a zamanin korona.

Wannan sanyin aiki ba kullum yake zama sharri ba. Wasu magungunan ba su da dafi sai hanta ta sarrafa su, don haka in sarrafawar ta ragu, dafin ma kan ragu. A gwajin ɓeraye an ga cewa kumburin da ya riga farasitamol shiga da yini guda yana iya rage illarsa, wanda kuwa ya zo dab da shi yakan ƙara ta. Lokacin haɗuwar na da muhimmanci kamar adadin maganin.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan haɗuwa ta fito ne daga wani magani da sunansa ba baƙo ba ne a Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na birnin, a kan yara kusan 200, rabinsu suka samu Trovan, sauran wani maganin daban. Yara 11 suka rasu a ɓangarorin biyu, aka shiga doguwar shari'a a kan neman izinin iyaye, wadda ta kai ga sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jihar a 2009. Batun hanta kuwa daga baya ya taso, kuma a Amurka da Turai. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Trovan a ƙarshen 1997, bayan gwaji a kan mutane kusan 7,000 ba tare da hantar ko mutum ɗaya ta tsaya da aiki ba. Da ya shiga kasuwa aka rubuta shi kimanin sau miliyan biyu da rabi, sai rahotanni suka fara shigowa. Zuwa watan Yunin 1999 an tattara mutum 14 da hantarsu ta gaza farat ɗaya, wasu suka mutu, wasu sai da aka yi musu dashe. Amurka ta taƙaita amfani da shi, Turai ta dakatar da shi.

Abin da ya ɗaure kai shi ne, in an ba lafiyayyen ɓera Trovan, hantarsa ba ta nuna komai. Masana biyu na Jami'ar Jihar Mishigan, Robert Roth da Patricia Ganey, da ɗalibansu, su ne suka sauya tsarin gwajin. Suka ba ɓerayen maganin, sannan suka yi musu allurar ɗan ƙaramin adadi na LPS, wani sinadari da ke jikin ɓawon bakteriyar hanji, gwargwadon da zai tayar da kumburi kaɗan ba tare da ya yi wa hanta komai ba. Maganin shi kaɗai bai yi illa ba. LPS shi kaɗai bai yi ba. Da suka haɗu, cikin sa'o'i ƙwayoyin hanta suka fara mutuwa. Da aka maimaita da lebofuloksasin, ɗan'uwan Trovan da bai yi ƙaurin suna wajen taɓa hantar mutane ba, ba abin da ya faru. Da aka toshe TNF kuma, raunin ya ragu sosai. Sun samu kwatankwacin haka da ranitidin, tsohon maganin gyambon ciki, da dikulofenak na ciwon gaɓoɓi, da wasu da dama. Katangar laka da ruwan Agusta ya jiƙa, jinginar akuya ma tana iya kayar da ita, alhali da rani ko motsi ba za ta yi ba. Haka kumburi ke yi wa hanta a gaban magani.

Darajar wannan bayani ita ce ya warware wani abu da gado shi kaɗai ya kasa warwarewa: dalilin da mutum zai sha magani wata da watanni lafiya, sannan rana ɗaya idonsa ya yi rawaya. Kumburi abu ne mai zuwa ya wuce. Gudawa, ko barasa, ko tiyata, ko wani maganin da ya goge bangon hanji, duk suna iya barin ɓurɓushin bakteriya ya kwarara zuwa hanta na ɗan lokaci. Duk da haka, ɓera ɓera ne. Raunin da ake gani a waɗannan gwaje-gwaje cikin sa'o'i yake zuwa, na mutane kuwa sau da yawa sai bayan makonni, abin da ke nuna akwai hannun wani sashe na garkuwar jiki, mai ɗaukar lokaci kafin ya gane abokin gaba.

A nan ne ra'ayin masaniyar garkuwar jiki Polly Matzinger, wanda ta gabatar a 1994, ya samu shiga. A ganinta, baƙuntar abu kaɗai ba ta isa ta sa garkuwa ta kai hari ba, sai ta ji alamar haɗari a tare da shi. Ragowar magani kan manne wa sunadaran hanta ya sauya musu siffa a jikin mutane da yawa, amma garkuwa ta kau da kai. In a daidai lokacin akwai cuta ko rauni da ya riga ya tayar da ita, tana iya ɗaukar ƙwayoyin hantar a matsayin maƙiya. Maganin bakteriya fulukuloksasilin ya nuna haka. Masu wani nau'in gado da ake kira HLA-B*57:01 haɗarinsu ya ninka na sauran mutane kusan sau 80, amma ko a cikinsu, mutum ɗaya ne cikin 500 zuwa 1,000 da suka sha ke kamuwa. Gadon ya buɗe hanya ne kawai, sai wani abu ya biyo. Nebirafin, maganin HIV da aka daɗe ana amfani da shi a Afirka kafin dolutegirabir ya karɓe wurinsa, ya fi taɓa hantar waɗanda garkuwarsu ke da sauran ƙarfi: matan da ƙididdigar ƙwayoyin garkuwarsu na CD4 ta haura 250 sun samu matsala da kashi 11 cikin 100, waɗanda ke ƙasa da haka kuwa ba su kai kashi 1 ba. Sababbin magungunan ciwon daji masu sakin linzamin garkuwar jiki, waɗanda suka samar wa James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018, su ma sukan bar hanta a halin da maganin da ya biyo bayansu ke saurin yi mata illa.

A yara, babban darasin asfirin ne. A 1963 likita Douglas Reye na birnin Sidni a Ostireliya ya bayyana wata cuta da ke biyo bayan mura ko ƙarambau: yaro ya fara samun sauƙi, sai amai ba ƙaƙƙautawa, sai ruɗewa, sai suma, hanta ta cika da kitse, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Daga baya aka gano alaƙarta da asfirin da ake ba yaran don sauke zazzaɓi. A Amurka an samu yara 555 a 1980. Bayan gargaɗin da aka yi ta yi, wanda aka wajabta rubutawa a kwalin maganin a 1986, adadin bai ƙara wuce 36 a shekara ba. Shi ya sa ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin don zazzaɓi sai da umarnin likita. Abin lura, wasu garin magungunan ciwon kai da ake sayarwa a ƙunshin takarda a tasha da bakin kasuwa asfirin ne a cikinsu.

Farasitamol shi ne ya maye gurbin, kuma a kan ƙa'ida magani ne amintacce. Ɗan kaso kaɗan nasa ne hanta ke mayarwa wani sinadari mai dafi, sai wani makari da take ajiyewa, gulutatayon, ya kashe dafin. Yunwa da rashin abinci mai gina jiki da barasa duk suna zaftare wannan ajiya, kuma mai zazzaɓin da ya kwana uku ba ya iya cin komai sai ruwan koko ya cika sharuɗɗan. A irin wannan hali ne ake zuwa kemis a ce a haɗo na zazzaɓi. Mai shago ya ɓalle ƙwaya biyu daga wannan kati, ɗaya daga wancan, ya ƙara na mura, ya ƙulle a farar leda ba suna ba kwali. Sau da yawa biyu ko uku daga cikinsu farasitamol ne da sunaye daban-daban. Iyakar baligi mai cikakken nauyi giram 4 ce a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, a rarrabe. Mai ƙaramin jiki ko mai tsohon ciwon hanta ƙasa da haka ake ba shi, na yaro kuma da nauyinsa ake aunawa. A Tailan, wani gwaji da aka wallafa a 2019 a kan masu zazzaɓin dengi ya nuna alamun raunin hanta sun hau a jinin kashi 22 cikin 100 na waɗanda suka sha farasitamol a kai a kai, da kashi 10 na waɗanda ba su sha ba. Duk da haka shi ake zaɓa a dengi, domin asfirin da danginsa na ƙara haɗarin zubar jini.

Inda batun ya fi shafar Afirka ta Yamma shi ne haɗuwar tarin fuka da ciwon hanta nau'in B. Maganin tarin fuka wata shida ne, kuma a wata biyun farko magunguna huɗu ake haɗawa. Uku daga ciki, isoniyazid da rifamfisin da firazinamid, kowannensu na iya taɓa hanta. Binciken da aka gudanar a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar nau'in B, kuma akasarinsu ba su sani ba, domin cutar kan yi shekaru tana ci a ɓoye. Ke nan a duk layin masu karɓar maganin tari, da wuya a rasa wanda hantarsa ta riga ta kumbura. A Hong Kong, wani bincike na shekarar 2000 ya tarar cewa kusan kashi 35 cikin 100 na masu nau'in B sun samu tangarɗar hanta a kan maganin tari, waɗanda ba su da shi kuwa ba su kai kashi 10 ba. A jihar Fulorida ta Amurka, binciken 1998 ya nuna nau'in C na ninka haɗarin sau biyar, HIV sau huɗu, wanda ya haɗa biyun kuma sau 14. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Ba kowane magani ne ke zama mafi haɗari ga mai tsohon ciwon hanta ba. Ga magunguna da yawa, yiwuwar kamuwa ba ta bambanta sosai. Bambancin yana wajen abin da ke biyo baya. A babban kundin da Amurka ke tattarawa, wanda aka wallafa sakamakon mutum 899 daga cikinsa a 2015, kashi 16 cikin 100 na masu tsohon ciwon hanta sun mutu bayan magani ya taɓa su, sauran kuwa kashi 5. A wannan kundi, magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne suka jawo kusan kashi 45 na matsalolin, su ne kuma magungunan da ba a shan su sai jiki na cikin yaƙi.

Wannan ne ke wahalar da likita wajen gano mai laifi. Maleriya mai tsanani na kawo shawara, haka taifot, haka cutar da ta shiga jini. Mai HIV da ya fara magani, garkuwarsa na farfaɗowa tana iya afka wa ƙwayar nau'in B da ke hantarsa, a ɗora wa maganin laifi. Ciwon hanta nau'in E, mai bin gurɓataccen ruwa, wanda ya ɓarke a yankin Difa na Nijar a 2017, ya sha shigar burtu: a Amurka, da aka sake auna jinin mutum 318 da aka ce magani ne ya taɓa su, an tarar 9 nau'in E ne ke damunsu. Babu gwaji guda da ke tabbatar da laifin magani. Sai an lissafa ranar da aka fara sha, an kore sauran cututtuka, an ga ko jinin ya gyaru bayan an dakatar. Majinyacin da ya ɓoye jiƙon da yake sha ko haɗin kemis, ya ɓata wannan lissafi tun daga tushe.

Alamomin farko ba su da hayaniya: tashin zuciya, ƙin abinci, kasala, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wani lokaci ƙaiƙayi. Sannan fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, farin ido ya koma rawaya, abin da aka fi gani in an ɗaga fatar ido a hasken rana maimakon na fitila. Rifamfisin kansa yana rina fitsari da gumi da hawaye su yi ja-ja kamar ruwan goro, kuma wannan ba illa ba ce. Rawayar ido ce abin tsoro. Likita Hyman Zimmerman na Amurka ya lura tun da daɗewa cewa in magani ya lalata ƙwayoyin hanta har shawara ta bayyana, aƙalla mutum ɗaya cikin 10 na iya rasa ransa. Ƙa'idar masu kula da tarin fuka ita ce a dakatar da maganin idan ma'aunin raunin hanta na ALT a jini ya ninka iyakarsa sau biyar, ko sau uku in akwai alamomi, sannan a dawo da magungunan ɗaya bayan ɗaya idan hanta ta lafa. Wannan hukuncin asibiti ne. Wanda ya yanke maganin tari da kansa ya zauna a gida, ya buɗe wa tarin da ba ya jin magani ƙofa, wanda kuma ya ci gaba da sha idonsa na rawaya yana jiƙa sassaƙe, ya haɗa wa hantarsa zafi biyu. Abin da ya dace shi ne a koma wurin da aka karɓi maganin a ranar da aka ga alamar.

Mafi yawan wannan haɗari ana iya hango shi tun kafin a fara. Najeriya ta sa rigakafin nau'in B cikin alluran yara tun 2004, kuma ta farko a cikin sa'o'i 24 na haihuwa ake so a yi ta. Ga manyan da suka riga suka kamu akwai tenofobir, mai danne ƙwayar cutar, wanda likita ke iya haɗawa da maganin tari in ya ga buƙata. Gwajin nau'in B ɗigon jini ne daga yatsa, sakamakonsa ba ya wuce rabin awa, kuma kamata ya yi a yi wa duk mai tarin fuka ko HIV shi kafin ya haɗiyi ƙwayar farko.